Sabulu a Gilashin Motar Auta

Autana yana tseren mota a Guangzhou, kuma ba daga bakinsa na ji ba. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ne ya tare ni a ƙofar Masallacin Huaisheng bayan Juma'a, yana yi mini barka, wai na haifi gwani. Ni sarin jakunkuna ya kawo ni Shiling, wani gari a gefen Guangzhou, kuma iya sanina aikin tura kaya ɗana yake yi. Na ce a kai ni inda yake.

Na same shi a wani gareji, ana yayyafin nan nasu mai sanyi da ke sa har bangon ɗaki ya yi gumi. Yana durƙushe cikin wata mota da aka kwashe wa kayan ciki, kujera ɗaya tal, yana shafa sabulun wanke-wanke a gilashin gaba ta ciki.

"Wankin mota ka koma?"

"Umma, sannu da zuwa. Gobe akwai gasa, kuma an ce ruwan ba zai ɗauke ba."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Sai ya yi bayani, kansa a ƙasa. Motar tsere ba ta da esi, an cire don rage nauyi. Waje sanyi, ciki kuwa mutum yana haki yana zufa, sai tururi ya rufe gilashin ana tsakiyar gudu, ga kwana a gabanka ba ka ganinta. Waifa ta waje take sharewa. Shi ya sa ake shafa sabulu kaɗan, a bari ya bushe, a goge da busasshen tsumma, tururin ya rasa wurin kamawa.

"In sabulun ya ƙi fa? Akwai wata dabarar?"

"Meyo," ya ce yana dariya. Haka 'yan China ke cewa babu. Ban taya shi ba.

Ina tsaye a wurin, kakata Iya Dije ta faɗo mini. A ƙauyenmu, in damina ta kankama, bayan isha'i takan jawo kaskon garwashi tsakar ɗaki, ta jera masara a kai, mu jikoki mu zagaye ta. Ɗakin ƙamshin hayaki da jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Ba ta da dogon buɗi, sai dai ta juya masara ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso."

Akwai ta wani falke da ya ɓata a daji ana ruwa. Ya haɗu da tsohuwa, ya ɗaukar mata itacenta, ita kuma ta ba shi madubi mai nuna hanyar gida. Sharaɗi ɗaya ta sa masa: ya riƙe shi nesa, iya tsawon hannunsa. Ya yi ta tafiya lafiya har kura ta yi kuka. Tsoro ya kama shi, ya jawo madubin dab da fuska don ya gani sosai, yana haki, madubi ya dushe. Ya goge da riga, ya sake matso da shi, ya sake dushewa. Ƙarshe ya ce tsohuwa ta cuce shi, ya yi jifa da madubin. Iya ta ce har yau bai iso gida ba.

Na ce, "Iya, me ya hana ya daina numfashi?"

"Ke daina mu gani, uwar surutu."

Muka yi dariya, ta miƙo mini masarar da ta fi ƙonewa. "Numfashi ba laifi ba ne. Hannunsa ne ya kasa miƙewa. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

A lokacin na ɗauka labarin jin maganar manya ne. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta fara fito mini, malamarmu ta yi bayanin yadda tururi ke kwantawa a kan abu mai sanyi, na gane rabin labarin. Sauran rabin sai a garejin nan. Abin da ya rufe wa falke hanya daga jikinsa ya fito, kuma tsoro ba ya neman izini, zuwa zai yi. Dabarar da za ta yi amfani ita ce wadda aka gama tun kafin ya zo.

Hana Auta ba zai yiwu ba. Mutum da gemunsa, wanda ya iya ɓoye mini sau ɗaya zai iya ɓoyewa kuma. Abin da ban yarda ba shi ne ya shiga kwana da gudu yana lalube.

Washegari da asuba na kira direban da zai kai ni Shiling na ce ya huta. Na cika filas da tafasasshen ruwa na nufi garejin. Auta yana ɗaure hular kwano a jikin jaka ya gan ni.

"Umma, lafiya?"

"Buɗe mini motar. In gilashin nan ya rufe, yau ba inda za ka. In bai rufe ba, da ni za a je wurin gasar."

Na tattare zanina na shiga, na zauna a kujerar, na ce ya rufe ƙofa. Sannan na buɗe murfin filas ɗin, tururi ya fara tashi, na zuba wa gilashin ido.