Ruwan Jegon Da Inna Ta Zubar

Zuciyata ba ta taɓa tafiya irin ta mutane ba. Ina yarinya a Gozaki na yi ciwon maƙogwaro, gwiwoyina suka kumbura, aka ce sanyi ne, aka shafa man shanu. Ashe a ƙirji abin ya sauka. Sai zuciyar ta buga biyu da sauri, ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta kwasa a guje. Tun kafin aure na gaji da ita.

Haihuwata ta fari ta zo da kakar auduga, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Na koma gida wanka kamar kowa: tafasasshen ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa a jiki, a kwanta kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a ɗura kunun kanwa. Kafin suna ƙafafuna sun yi suntum, barci sai a zaune. A bayan motar auduga aka kai ni asibitin Malumfashi.

Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjina, ya ba ni ƙananan ƙwayoyi. Mai yi masa tafinta, wata Bayarabiya haifaffiyar Funtua, ta ce da mahaifiyata, "Mama, ƙofar zuciyarta ta lalace tun tana ƙarama. Kanwa da ruwan zafin nan su za su ƙarasa ta. A daina."

Faɗi ba wuya. Muna isa gida Gwaggo, yayar Baba, ta tare mu. "Ɗanyen jego za ku bar ta da shi? Ta ruɓe ta ciki, gari ya ce gidanmu ba a iya wanka ba?" Ni ko ƙarfin musu ba ni da shi. Da Gwaggo ta ja ni, wallahi bin ta zan yi, kowa ya huta.

Inna ta ɗauki gatarinta. Ta ci gaba da faskare, tana tafasa tukunya sau biyu kullum. Mu shiga makewayi, ta zaunar da ni kan turmi, ta goge ni da ruwa mai ɗumi. Sai ta tsoma ganye a tafasasshen ta yi ta fyaɗa wa katanga, tururi na tashi, maƙwabta na gani. "Ɗan yi kuka mana, raguwa," in ji ta, "katanga ba ta iya ba." Kunun kuwa awaki suka sha.

Haka har arba'in. Hannuwanta duk sun saɓule, ta rame ta fi ni. Kumburi ya saɓe, Gwaggo na ta cewa ai ga amfanin wanka nan.

Da matan da suka zo arba'in suka watse, Inna ta ɗora kunne a ƙirjina. Na san abin da take ji, zuciyar tana nan tana tuntuɓe yadda ta saba. Ta ɗago ta dubi jaririyata.

"Ban roƙi Allah ta daidaita ba," ta ce. "Ta dai yi ta ɗingishinta har ki yaye yarinyar nan."