Ɗan Asaben da Ke Cikin Littafin Yaya

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai yayana, Dakta Isiyaku, makwancinsa a nan Kontagora. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don shi ne marubucin gidanmu, ni kuwa malamin firamare ne da alli ya cinye wa yatsu. Bana wata ƙungiyar masana zamantakewa ta ba littafinsa lambar yabo, saboda ficen da ya yi wajen kare haƙƙin ɗan Adam, kuma ni aka kira na karɓa. Na sa babbar rigata ta Sallah, aka tafa, aka ɗauki hoto. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Littafin labarin manoman da 'yan bindiga suka tasa ne daga ƙauyukan wajen Kasuwan Garba. Yaya kan hau babur ya bi su duk inda suka fake, ya ci tuwonsu, ya saurare su har su gaji don kansu. Ƙa'idar aikin masu bincike irinsa ita ce ba a rubuta sunan mai ba da shaida, sai a ara masa wani. Shi kuwa sai ya ɗauko al'adarmu ta sunan rana. Wanda ya zanta da shi ran Juma'a ya zama Ɗanjuma, wadda ya gani ran Talata ta zama Talatu. Ya ji daɗin dabarar nan ƙwarai. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa duk bokon nan ashe wanzamanci ne kawai ya rage masa ya haɗa da raɗin suna.

Wata Asabar wani dattijo ya gaya masa yadda ake kai wa mutanen daji mai da burodi daga cikin ƙauyensu, da gidajen da ake bi. A littafi ya zama Ɗan Asabe. Mun ɗauka Turanci ya isa katanga, sai ga shi wani ya fassara shafin ya yi saƙon murya, ya yi ta yawo a wayoyi har ya shiga daji. 'Yan bindigar suka zo ƙauyen suna tambayar Ɗan Asabe. To, wane ƙauye ne a ƙasar nan ba shi da nasa Ɗan Asabe? Daga gona suka tafi da wani mai suna Ɗan Asabe na gaske, mutumin da ko a hanya bai taɓa haɗuwa da Yaya ba. Har yau ba a ga ko takalminsa ba.

Yaya bai sake rubuta ko layi ɗaya ba. Shekara guda ya ƙara a duniya, likitoci suka ce hawan jini ne. Kafin ya rasu ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin dattijon nan yana raye, don in aka san an yi kuskure za a koma neman na ainihin. Dattijon ya rasu da daminar nan a Rijau, a kan gadonsa, jikoki kewaye da shi.

Nakan tambayi kaina, da Yaya na nan, zai miƙa hannu ya karɓi lambar? Ina jin da ya ƙi zuwa. Amma na san ba don littafin ba, da mutane da yawa sun mutu ba wanda ya ji kukansu. Tsorona shi ne in faɗi gaskiya in zubar masa da abin da ya rage na girmansa, alhali ba ya nan balle ya kare kansa.

Na nemi matar Ɗan Asabe, Saratu, Bakambariya ce, yanzu tana sayar da doya a bakin hanyar Mashegu. Na durƙusa na zayyana mata komai. Ta daɗe tana kaɗe ƙasa daga jikin wata doya.

"Ai na san ba shi ya faɗa ba, Malam," in ji ta. "Maigidana ko gaban mai unguwa ba ya iya magana. Wannan girma da suka ba yayanka, sun san maigidana?"

Na ce, "Mama, sunansa na cikin littafin, amma su a ganinsu sunan aro ne."

"To ka gaya musu akwai shi."

Yaya mutumin kirki ne, ina ƙaunarsa, kuma dabararsa ta ci ran wani. Duka biyun zan riƙe har in tarar da shi. Allah Ya gafarta masa. Ku kuma masana da kuka tafa, in kun kai shafin Ɗan Asabe a littafin ku ɗan dakata. Ɗan Asabe manomin dawa ne, ɗan gajere, mai in'ina, ya bar 'ya'ya biyar. Ranar da aka tafi da shi, kunun da Saratu ta kai masa gona ko buɗewa bai yi ba.