Kunamar da Ba Ta Harbe Ni Ba

A shekarun fari, lokacin soja, gwamnati ta yanka wa hatsi farashi, ta ce duk wanda ya saida sama da haka a kwashe kayanshi, shi kuma a rufe shi. Sai gero ya ɓace daga kasuwar Maradi. Yana nan a bayan shaguna, amma ba a faɗin kuɗinshi da baki. Mai hatsi zai ja hannunka ƙarƙashin babbar rigarshi, ya matsa maka yatsu, kai kuma ka haɗiye abin da ka ji.

Ni haɗiyar ce ban taɓa iyawa ba.

Yarana a Tibiri sun koma cin dusa da ganyen tafasa. Na tako har Sabon Garin Maradi wurin wani Alhaji mai hatsi, abokin mahaifina.

"Na san bakinka," in ji shi. "Ga jandarma can gindin iccen bedi. Ka yi mini ihu, ni gidan kaso, ɗiyanka yunwa."

"Haba Baba, ai na girma."

Ana cewa kaya sun yi tashin gwauron zabi. Ni a gonakin Jiratawa na san shi, lokacin da nake gudun lakwal, wato makarantar boko. Zabon da ba shi da mata yana laɓe shiru cikin ciyawa, sai ka kusa taka shi ya tashi sama tsaye da ƙara. Shi ya tashi, amma kai ne hantarka ke kaɗawa.

Alhaji ya fara matsa yatsuna. Na ɗauka ya gama. Ya ci gaba.

"Wayyo Allah!" Sai ga ni tsaye.

Jandarma ya taso, yana buga kulki a tafin hannunshi. Alhaji ya daskare.

"Mi ya faru nan?"

"Kunama, ranka shi daɗe!" Na kama ƙafa ina birgima.

"Tana ina?"

Buhunan geron Alhaji suna ɓoye bayan wata tabarma da ke jingine. In ya ɗaga ta, mun ƙare. Na nuna mishi kwata. Ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce ƙato da ni ina kuka kamar jinjiri, ya koma inuwarshi.

Alhaji ya auna mini tiya, ya ƙulle cikin tsohon zane.

"Ɗan banza. Wuce, kuma ka yi ɗingishi."

Na yi ɗingishin har na fita unguwar, gero a hammata. Sai a hanyar Tibiri na lura ashe da ɗayar ƙafar nake yi.