Ɗan naman saman ƙoda

Da ana mai da hannun agogo, da ban ƙara wa yayana cokalin maganin nan ba.

Ni mahauci ne a Filinge, karatuna bai wuce firamare ba. Zamanin mulkin soja aka sallamo yayana daga asibitin Yamai da ciwon ciki wanda likitoci suka ce ba ya warkewa. Sun haɗo shi da kwalbar morfin, maganin kashe zafi, suka nuna mini iyakar abin da zan ba shi, suka ja mini kunne kada in wuce.

Da farko maganin yana kama shi. Daga baya ciwon ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ke nome gonar gero shi kaɗai sai ga shi yana cizon bakin tabarma. Ya roƙe ni in ƙara, na ƙi, don an ce mini yawansa yana tsai da numfashi.

Wata ranar kasuwa mai duba nama ya nuna mini wani ɗan nama cikin kitsen saman ƙodar rago, bai kai ƙwayar gujiya biyu ba, wanda mu kan jefa wa karnuka. Cikin hira ya ce daga irinsa Turawa suka fara samo allurar da ke tayar da zuciya in ta tsaya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran ni na ƙulla a kaina: in wannan yana tayarwa, wancan yana kwantarwa, to ɗaya zai tsare ɗaya.

Na riƙa tara ɗan naman nan, ina shanyawa a kan rufin rumbu, matar yayana tana dakawa tana zubawa a kunu. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Mahauci ya zama likita. Halan gobe yanka ni za ka yi?"

"Kai dai sha, Yaya. Ramammen sa irinka wa zai saya?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar na ƙara cokali. Ya yi barci mai daɗi, ya tashi ya sa mini albarka, na ɗauka dabarata ta ci. Da zafin ya dawo na sake ƙarawa.

Bayan azahar matarsa ta aiko mini ina mahauta, wai barcin ya yi yawa. Na tarar numfashinsa yana fita da nisa-nisa, leɓunansa sun yi duhu. Na ɗura masa kunun, ya zubo ta gefen baki. Kafin a samo amalanken kai shi asibiti ya cika.

Mutane suka ce ciwon ne, kwana ya ƙare. Matarsa ba ta taɓa tambayata ba har ta rasu. Sai bayan an koma mulkin farar hula na gaya wa wani likita. Ya ce garin naman nan ba ya tsare komai.

Ku da ke jinyar naku, in magani ya daina kamawa, ku koma wurin wanda ya ba ku shi, ko da tafiyar ta yi nisa. Don Allah kada ku ƙara da hannunku.