Kwana Biyar Ɗin da Dakta Ya Roƙa

Yayana ba likita ba ne, amma duk layinmu Dakta ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. A aji uku ya bar sakandare, ya yi shekara shida yana jera kwalaye a wani babban kantin magani, daga nan ya kama shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai walda da mai gyaran waya. Shekara talatin ke nan yana ciki da farar rigarsa, tsohuwar fanka na kuka a samansa.

In ka cire sallah, babu abin da Yaya ya riƙe kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai mura kafso, mai ciwon haƙori kafso. Nakan tsokane shi in ce ko akuya ce ta yi atishawa a ƙofar shagon sai ta tafi da na kwana bakwai. Ba ya dariya, don yana da dalilinsa. Kwana huɗu da haihuwar autarsa zazzaɓi ya ɗauke matarsa, aka ce masa a asibiti da an fara magani da wuri da wataƙila ta tashi. Ni da shi muka raini yarinyar, kuma har ta yi aure Auta muke ce mata.

Cikin Auta na fari bai cika wata bakwai ba aka yi mata tiyata aka ciro 'ya mace. Mijinta direban tanka ne, yana can wata uwa duniya, don haka jinya ta faɗo kanmu. Aka saka jaririyar a kwalba, a ɗakin bakwaini, inda ba a shiga sai an tuɓe takalmi an wanke hannu har gwiwa. Na'urori na ta ƙara, ga siririyar roba a hancinta, ta nan ake ɗura mata nonon uwarta da sirinji. Ko kilo ɗaya ba ta cika ba. Yaya ya leƙa ya ce wannan ai Rabin Cokali ce, sunan kuma ya bi ta har wajen nas-nas.

Ranar kwana na uku likitar ɗakin, wata yarinya mai tabarau, ta tare mu da fara'a. Ta ce gwajin jini ya fito, babu cuta, za su tsayar da allurar da aka fara tun ranar haihuwa. Nan take fuskar Yaya ta canja. Likita ta yi masa bayani a tsanake: a hanjin jariri akwai ƙwayoyi masu amfani da ke fara zama, magani kuwa ba ya tantance na kirki da mugu, kuma in aka daɗe ana ba bakwaini shi ba da dalili ba, yana iya ƙara haɗarin wani mugun ciwon hanji.

"'Yata," in ji Yaya, "tun ba a haife ki ba nake ba da maganin nan. Ba a yanke shi a tsakiya."

Ya tsaya kai da fata. Awa biyu ya yi a kan benci yana jiran babban likita, da ya samu shiga kuma ya ba shi labarin matarsa, har da hawaye, mutumin da ko a makabarta ban ga hawayensa ba. Aka yi dace, ko in ce rashin dace, da safiyar ranar numfashin yarinyar ya ɗan ɗauke sau biyu, abin da aka ce bakwaini na yawan yi. Babban likita ya juya takarda ya ce tunda akwai ɗan kokwanto, a ƙara kwana biyar kan biyun da aka yi, a cika bakwai. Yaya ya fito yana baza riga. Ba zan wanke kaina ba, ni ma na ji daɗi, kuma da bakina na je ɗakin masu jego na gaya wa Auta cewa an so a rage wa 'yarta magani, ubanta ya hana. Bayanin likita kuwa ban kai mata ba, don ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Aka gama allura lafiya. Rabin Cokali ta fara ƙiba, har aka bar Auta ta kwantar da ita a ƙirji. A kwana na goma sha shida muka tarar cikin yarinyar ya kumbura yana sheƙi, nas na auna shi da tef tana rubutawa. Wani koren ruwa ya riƙa fitowa ta robar hancin, sai kuma jini a nafkin. Aka hana ta nono. Auta ba ta daina tatsa ba, kwalabe suka yi ta taruwa a firij. Aka dawo da magani, wannan karon kala uku masu ƙarfi, kuma yanzu da dalili. Yaya ya karanta sunayensu a jikin leda, duk ya san su.

Hoto ya nuna hanjin ya huje. Da suka buɗe ta a ɗakin tiyata, suka tarar mafi yawansa ya mutu. Ranar kwana goma sha tara, da hantsi, rai ya yi halinsa a hannun uwarta.

Bayan kwana biyu muka koma karɓar takarda, Yaya ya tare likita mai tabarau a baranda.

"Kwana biyar ɗin nan da na roƙa, su ne?"

Ta ce babu mai iya cewa. Akwai jariran da ba a tsawaita musu magani ba kuma ciwon ya kama su, ƙanƙantar yarinyar kaɗai ta isa, kuma hukuncin na likitoci ne, ba nasa ba.

"Amma kin ce yana ƙara haɗari."

"Yana ƙarawa, Baba."

Na ji haushinta a ranar, na ce a raina ƙarya ɗaya me za ta rage ta da ita. Shi kuwa godiya ya yi mata. Tun daga nan ya kasa samun matsaya. Da ta ce masa shi ne, da ya san tuban da zai yi, da ta ce ba shi ba ne, da ya samu sauƙi. Yana buɗe shago, amma mai mura sai ya sha tambayoyi ya koma hannu rabbana, har mai walda ya ce min Dakta ya fara rikicewa.

Auta ta dawo gidanmu ta huta. Sati uku Yaya na kai-kawo a ƙofar ɗakinta, rannan da la'asar ya ce min zai gaya mata komai, in zo in zauna. Muka shiga, tana ninke 'yan rigunan da ba a taɓa sawa ba. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Baba, abu ɗaya ke sanyaya min zuciya, ba a rage mata komai ba. Da an yanke maganin nan, har in mutu zan ce shi ya kashe ta. Kai ka tsaya mata, ko ba haka ba, Gwaggo?"

Yaya ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya tashi ya fita ba takalmi.

Wata takwas ke nan, daga ni har shi babu wanda ya iya gaya mata. Duk baƙon da ya zo aka taɓo maganar, sai ta ba shi labarin yadda babanta ya yi awa biyu a kan benci saboda 'yarta, shi kuma yana zaune a gefe yana ji.