Lalla, Mai Tace Ruwan Masu Yankan Kaba

Idan an gama ɗaure hatsi, mutanen Attantane sukan shiga gulbi yankan kaba. Sukan kafa bukkoki gefen tabki, su yi kwanaki. Ruwan tabkin nan shi shanu ke sha, shi jakuna ke tsayawa ciki, shi kuma mutane ke ɗiba. Shekara da shekaru Lalla tana bin wannan ayari, amma ba kaba take fara yanka ba. Kafin kowa ya ɗauki lauje ta tona rami cikin rairayi, nesa kaɗan da bakin tabki, ta jira ruwa ya tsattsafo. Ta ɗaure farin ƙyalle a bakin tulu, ta tace. Ta daka 'ya'yan zogale ta zuba, laka ta kwanta. Sannan ta ɗora a wuta. Sai ya huce ake sha.

Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gode mata. Gunaguni kawai take samu, don ruwanta sai an jira shi.

A garinmu ba a hana mai ƙishi ruwa. Lalla ta hana. Wata shekara Maharazu mai amalanke ya iso zango da tsakar rana, leɓensa ya tsage. Ya tsoma ƙwarya cikin tabki, ya kai baki. Lalla ta buge ƙwaryar daga hannunsa. Duk zango ya juyo. Mace ta zubar wa magidanci ruwa gaban matarsa!

"Inna, lafiyarki kuwa?" in ji shi.

"Lafiyata lau. Taka nake nema maka. Zauna."

"Jakina ma ya sha, ni za ki hana?"

"In ka zama jaki ka gaya mini, ni da kaina zan kora ka ciki."

Mata suka fashe da dariya. Maharazu ya zauna ya jira, amma ya daɗe bai gaishe ta ba.

Bana gwiwoyin Lalla suka ƙi. Ko ƙofar gida sai da sanda. Ayari ya tafi ba ita, wasu har suna cewa an huta da jira. Ba wanda ya tona rami. Ba wanda ya ɗaure ƙyalle.

Ba a yi mako ba wayar maƙwabcinta ta yi ƙara. Maharazu ne, daga gulbi, yana neman Lalla. Matarsa Rahina, mai goyo, tun safe amai da gudawa, ta daina magana. Ya ɗora ta a amalanke ya nufo gari, tafiyar kuwa ta rabin yini ce, kuma ruwan da ke cikin bidonsa, wato jarkarsa, na tabkin ne.

Lalla ta karɓi wayar. "Kada ka ba ta ko ɗigo. Kora jakin, ina tafe."

Tana da dafaffen ruwa a gida, ba ta taɓa rabuwa da shi ba. Ta sa gishiri kaɗan da sukari, ta cika bido. Mutum biyu suka ɗaga ta suka ɗora bayan babur, ta ɗaure bidon a ƙirji da zane kamar jariri. Tsohuwar da ba ta iya zuwa rijiya ta shiga rairayin gulbi a kan babur. Wanda ya tuƙa ta ya ce duk ramin da suka faɗa sai ta yi salati, amma ba ta ce a tsaya ba.

Suka haɗu da amalanken a hanya. Lalla ta ɗora kan Rahina a cinyarta, tana ba ta da ludayi, kurɓi kurɓi. Rahina ta amayar, Lalla ta sake ba ta. Haka har ƙofar likita.

Na ga Rahina lokacin da aka sauke ta. Na ga gawa da yawa a rayuwata, kuma na ɗauka ita ma gawa ce. Idanu sun faɗa, fata in an tsunkule ba ta komawa. Yarinyar da ta bar garin nan tana waƙa! Ruwa kawai ta sha. Ruwan da iyayenta suka sha shekara da shekaru lafiya, muna cewa albarkar gulbi ce. Ashe hannun mace ɗaya ne ya tsaya tsakaninmu da wannan.

Aka yi wa Rahina ƙarin ruwa. Ta tashi. Yau tana ba 'yarta nono.

Lalla, ba na yabon mutane. Ke zan yaba. Ke ce kika ɗauki zagi don cikinmu ya zauna lafiya. Ke ce katangar masu kwana a daji. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya shayar da ke daga tabkin Alkausara.

Ku kuma masu shiga gulbi, da makiyaya, da masu kwana a gona, Lalla ba za ta ƙara bin ku ba. Ku je gidanta tun tana da rai, ta nuna muku. Kowane zango ya fitar da mutum ɗaya ga ruwa kafin a taɓa lauje. Rahina ta samu wadda ta tarye ta a hanya. Na gaba ba zai samu ba.