Shugaban da Ya Rungume Ƙarfen Coci

A gidanmu na haya a Kudenda, murhun Kaka Saratu shi ne majalisa. Baba yana aikin yamma a masana'anta, saboda haka da mun cinye tuwo sai mu kewaye ta, ni da yayana da ƙanwata, tana gasa mana masara tana ba da labari. Sauran kakanni dabbobin daji ne a bakinsu. Tamu kuwa mutum ɗaya ta riƙe, wani tsohon shugaban ƙasa da ba ta taɓa faɗa mana sunansa ba. In mun matsa, sai ta harare mu ta ce, "Masara kuka zo ci ko aikin jarida?"

Wai da ya sauka daga mulki sai ya tattara ya koma ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Yana zuwa gayya da fartanyarsa, yana share coci, ranar Lahadi ya koyar da yara. Aikin da ya fi so shi ne buga ƙarfen coci, tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin mangwaro. Yayana Ishaku, wanda ya fara gemu a lokacin, yakan kwashe da dariya ya ce, "Kaka, wane shugaba ne zai bar jirgin sama ya koma shara?" Ita kuma ta ce, "Maigidana, kai da ko monitan aji ba ka taɓa yi ba, me ka sani?"

Ina aji huɗu na firamare rikici ya ɓarke a gari. Da la'asar aka turo Luka, aminin Yaya Ishaku, a cikin amalanke. An sare shi a ka, an sare hannun da ya kare fuskarsa da shi, jini yana ɗiga ta ƙasan amalanken har ƙofar gidansu. Na gani da idona. Kafin magariba samarin unguwa sun yi magana, za su haɗu a bakin titi su je su rama. Yaya bai yi kuka ba. Ya zauna bakin rijiya yana wasa adda a kan dutse.

Kaka ta hura wutarta kamar kullum. "Ku matso, ga ta nan tana zuwa," ta ce, amma da ƙarfi ta faɗa, ba don mu ba, don Yaya ya ji.

Ranar ta ba mu ɓangaren da ba mu taɓa ji ba. Ta ce a ƙauyen shugaban, ƙarfen nan aiki biyu yake yi. In an buga a hankali, sujada ce. In an buga da sauri ba tsayawa, kowane namiji ya fito da baka da kwari. Wata rana aka tsinci gawar ɗan ƙanen shugaban a kan iyakar gona, an yanka shi. Samari suka rugo gindin mangwaro za su tara maza a je a ƙone ƙauyen maƙwabta. Suka tarar da tsohon ya riga su, ya rungume ƙarfen da hannu biyu.

"Suka ce, Baba, matsa. Ya ce, lokacin da nake mulki na taɓa sa hannu aka tura sojoji wani gari, har yau matan garin suna zuwar mini a mafarki. Wannan ƙarfe addu'a yake kira."

Wani ya ɗaga guduma ya buga, a kan yatsunsa ta sauka. Ya sake bugawa. Kaka ta ce ƙarfen bai yi ƙara ba, sai ƙarar ƙashi. Jini ya bi gwiwar hannunsa, bai saki ba, kuma yaran da suka dake shi duk shi ya koya musu addu'a.

A nan samarin unguwarmu suka yi wa Yaya fito daga waje. Yaya ya miƙe da addarsa ya nufi ƙofa. Ban san tsohuwar nan tana da sauri haka ba. Kafin ya kai ƙofar, ta sha gabansa, kuma ba hannunsa ta kama ba, kaifin addar ta damƙe.

"Kaka, saki."

"Ja, maigidana. In za ka zubar da jini yau, fara da na gida."

Ya ja. Wallahi ya ja, don idonsa ya rufe. Na ji ihun ƙanwata kafin na ga jinin yana zuba a kan zanin Kaka. Ba ta saki ba. Yaya ya dubi hannunta, ya saki ƙotar, ya durƙusa, sai a lokacin kukan Luka ya zo masa. Aka yi ta fito a waje har aka gaji. Cikin waɗanda suka tafi, akwai waɗanda ba a ga ko gawarsu ba.

Kaka ba ta ƙarasa labarin ba, ba ta kuma sake ɗauko shi ba. Yatsunta biyu suka ƙage har ta rasu. Da na girma na yi ta bin tarihin shugabanni ko zan gano mutumin, ban samu wanda aka farfasa wa yatsu ba, na kuwa ji haushi kamar an yaudare ni. Daga baya na gane ba shugaban ba ne abin nema. Ta shafe shekaru tana gaya mana girma shi ne shara da fartanya, mu muna dariya, sai ranar ta nuna mana abin da girman yake jawo wa mai shi.

Yaya Ishaku yanzu jikoki gare shi. A cocinsu an daɗe da sayen lasifika, amma ya hana a sauke tsohon ƙarfen. Shi yake buga shi duk Lahadi, a hankali, kuma ba ya ba kowa gudumar.